Yadda Ake Gyara Hoton Ƙananan Tsuntsayen Daji Su Fito da Kamanninsu

Tsuntsuwar nan da ake kira baiwar Allah tsawonta bai wuce santimita 10 ba daga baki zuwa ƙarshen jela. Asisi ya ɗan ɗara ta, yana kai 12 zuwa 13. Idan ka tsaya mita 8 daga inda take tsince-tsince, da gilashin kamara na milimita 300 a kan kamara mai megafiksel 24 irin masu matsakaiciyar sensa, wato allon da ke karɓar haske a cikin kamara, tsuntsuwar za ta ci fiksel kusan 1,000 ne kacal cikin 6,000 na faɗin hoton. Idan nisan ya kai mita 15, ta dawo wajen 500. Daga wannan lissafi duk wahalar aikin take tasowa. Dole ne a datse hoton a jawo tsuntsun kusa, datsewar kuma tana tona duk aibin da ke ɓoye: tsaki-tsakin da ke cikin inuwa, ɗan motsin hannu, ƙurar da ke tsakaninka da reshen.

Abin da ake nema a gyara shi ne tsuntsun ya fito yadda ido ya gan shi, har wanda ya san tsuntsaye ya kalla ya ce wannan namijin asisi ne, ga jan tabon kuncinsa. Ƙananan tsuntsaye da ƙananan alamu ake rarrabe su, kamar fararen ɗigo a gefen ƙirjin baiwar Allah, ko siririn rawayan zoben da ya kewaye idonta. Duk gyaran da ya shafe waɗannan alamu ya ɓata hoton, ko da mutum dubu sun yaba a Facebook.

Kafin a taɓa hoton

Fara da fuskar waya ko kwamfutar da za ka yi aikin a kanta. Wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin da ke ƙara wa launi ƙarfi. Shiga saitin fuska ka mayar da ita kan launi na asali. Kashe tsarin kare ido na dare, wanda ke sa fuskar ta yi rawaya-rawaya, domin idan ka yi gyara yana kunne za ka yi ta ƙara shuɗi ba ka sani ba, hoton ya fito a wayoyin mutane kamar an ɗauke shi da magariba. Hasken fuskar ka bar shi a tsaka-tsaki, ka zauna cikin ɗaki. Wanda ya yi gyara a tsakar gida da hasken waya a ƙure, hotonsa da duhu yake fitowa.

Idan kamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kamara ba ta sarrafa ba, da shi za ka yi aiki. Fayil ɗin JPEG matakan haske 256 yake riƙewa a kowane ɗaya daga launuka uku, wato ja da kore da shuɗi. RAW na bit 12 yana riƙe 4,096, na bit 14 kuma 16,384. Wannan rarar ce take ba ka damar ɗaga inuwar ƙarƙashin fiffike ko dawo da farin da rana ta haske ba tare da hoton ya farfashe ba.

Game da manhaja, Lightroom ita ta fi yawa a hannun masu hoto, kuma lambobin da za su zo a nan nata ne, sai dai kuɗi ake biya. A kwamfuta akwai darktable da RawTherapee, duka kyauta. Mai Canon yana da Digital Photo Professional, mai Nikon yana da NX Studio, su ma kyauta ne, kuma sun fi kowace manhaja sanin launin kamararsu. A waya Snapseed ta isa aiki mai yawa. Ko da wacce za ka yi, ka fara kwafe hotunan daga memori zuwa wuri biyu, kuma kada ka taɓa adana gyara a kan fayil na asali.

Zaɓe

A nan rabin aikin yake. Buɗe kowane hoto a girman kashi 100, ka nufi ido kai tsaye. Idan idon bai fito tar ba, wuce na gaba. Dishi-dishi iri uku ne, kuma yana da kyau ka gane wanne ya same ka don gaba. Idan reshe ko ganyen baya ya fito rangaɗau tsuntsun kuwa bai fito ba, kamara ce ta kama wani abu daban. Idan komai ya ja gefe guda kamar ya ninku, motsi ne, saurin ɗauka ya yi ƙasa. Waɗannan tsuntsaye suna son ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa ko fiye, ko a zaune suke, don kansu ba ya tsayawa. Idan kuma hoton ya yi kamar yana rawa, musamman wanda aka ɗauka daga nesa a kan fili da tsakar ranar bazara, hucin ƙasa ne. Babu manhajar da ke warkar da ko ɗaya cikin ukun da gaske.

Cikin waɗanda suka yi kaifi, ɗauki wanda kan tsuntsun ya ɗan juyo wajenka, da ɗigon haske a ƙwayar ido. Lura da wata siririyar fata da tsuntsu ke share idonsa da ita cikin ƙiftawa. Idan kamara ta kama ta, idon zai yi fari-fari kamar mai yana. Ajiye wannan gefe. Amma hoton tsuntsun da ba ka saba gani ba kada ka goge shi ko ya yi dishi-dishi, shaida ce.

Datsewa kuwa, ka bar fili ta gefen da tsuntsun ke kallo fiye da bayansa, kada ka yanke yatsu ko bakin jela. Namijin zalaidu a damina jelarsa kaɗai tana kai santimita 20, ta fi jikinsa tsawo, don haka hotonsa ya fi zama a tsaye. Idan akwai ruwa a baya, kamar a bakin madatsar Kubanni ko gaɓar kogin Galma a nan Zariya, daidaita layin ruwan tukuna kafin ka datse. Tsuntsun ya ci kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin hoton ya wadatar. Duba abin da ya rage bayan datsewa: idan dogon gefen ya kai fiksel 2,000 kana da abin aiki, idan ya faɗo ƙasa da 1,200 hoton na kallo a waya ne kawai, kuma gara ka buɗe shi ka nuna tsuntsun cikin muhallinsa da ka matsa masa.

Hasken Zariya da launin da yake zubawa

Kamara takan yi kuskuren launin haske a wurare uku a nan, kuma kowanne maganinsa daban.

Na farko hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana rataye a iska, ta kwashe bambancin haske da duhu, baƙi ya koma toka-toka, komai ya yi fari-fari ko rawaya-rawaya. Gwargwadon nisanka da tsuntsun, gwargwadon ƙurar da ke tsakaninku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ruga wa ma'aunin kore hazo, wanda aka rubuta wa Dehaze, a ja shi zuwa 50 ko 60. Sakamakon shi ne launuka su yi duhu su cushe, tsaki-tsaki ya taso, wata baƙar inuwa ta kewaye tsuntsun. Fara da ma'aunin baƙi, ka ja shi hagu a hankali har jadawalin hasken da ke saman manhajar ya taɓa bangon hagu da ƙyar. Sau da yawa wannan kaɗai ya dawo da hoton. Idan da saura, ƙara kore hazo 10 zuwa 20, kuma a kan tsuntsun kawai. Bayan hoton ka bar masa hazonsa, shi ne yake nuna lokacin da aka ɗauka, kuma yana taimaka wa tsuntsun ya fito. A wannan lokacin mazan mulufi da zalaidu sun zubar da kayan adonsu na damina, sun koma ruwan ƙasa mai zane-zane kamar matansu. Kada ka nemi cusa musu launin da ba su da shi. Zanen kai da na baya shi ne abin fitarwa.

Na biyu jar ƙasa. Baiwar Allah da asisi da gwara a ƙasa suke kiwo, jar ƙasar nan tamu kuma tana mayar da hasken rana sama ya bugi cikinsu. Shuɗin ƙirjin asisi, wanda ruwan sararin samaniya ne mai haske, sai ya koma toka-toka ko shunayya-shunayya. Idan ka sanyaya launin hoton gaba ɗaya don ka gyara cikin, ƙasar za ta mutu ta zama kamar siminti. Ɗauki burushin manhajar ka shafa cikin tsuntsun kawai, ka rage ɗumin launi da 5 zuwa 10. Kada ka kore jan gaba ɗaya, ɗan abin da ya rage shi ke nuna a ƙasa yake tsaye.

Na uku inuwar ganye a damina. A ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya hasken da ke isa ga tsuntsu ya ratso ganye, don haka kore ne. Fari ya yi kore-kore, ruwan ƙasa ya yi kamar ya yi gansakuka. Ma'aunin da ke ƙarƙashin na ɗumi, mai tafiya daga kore zuwa ruwan hoda, shi za ka tura dama da 5 zuwa 15.

Ga RAW, ma'aunin ɗumi da lambar Kelvin yake aiki: rana tsaye wajen 5,200 zuwa 5,500, hadari 6,000 zuwa 6,500, inuwa 7,000 zuwa 7,500. Ƙara lamba yana ɗumama hoton. Akwai kuma ɗan tsinken da ake dangwala wa abin da ba shi da launi don manhaja ta daidaita kanta. Dangwala shi a kan tokar kan gwara, ko farin ƙirjin zalaidu idan bai ƙone ba, ko bulon siminti da ke cikin haske ɗaya da tsuntsun. Hasken hantsi na farko da na la'asar sakaliya kuwa ɗuminsa na gaskiya ne, rage kaɗan kawai idan ya yi yawa.

Haske da duhu

Jadawalin haske tudu ne da ke nuna yawan duhu a hagu da yawan haske a dama. Idan tudun ya hau bangon dama, wani wuri ya ƙone, babu zanen gashi a cikinsa. Daidaita hasken gaba ɗaya da jikin tsuntsun, ba da bayan hoton ba. Sannan rage ma'aunin wurare masu haske, wato Highlights, da 20 zuwa 50, ka ɗaga na inuwa, wato Shadows, da 15 zuwa 35. Idan ka kai su ƙarshe, ɗaya 100 ƙasa ɗaya 100 sama, tsuntsun zai baje ya rasa zagayen jikinsa, domin inuwar ƙarƙashin ciki ita ke nuna wa ido cewa abu ne mai tudu.

Ja yana da tarko nasa. Namijin mulufi a kan karan gero a watan Agusta, ko namijin baiwar Allah cikin rana, hotonsu yakan yi daidai a ido, jadawalin ma ya nuna lafiya, amma idan ka matso sai ka ga jan ya zama faci guda sumul, babu gashi ko ɗaya. Dalili shi ne cikin launuka ukun da kamara ke aunawa, jan kaɗai ya cika ya tumbatsa, sauran biyun ba su kai ba. Duba jadawalin mai nuna launuka daban-daban za ka ga jan ya hau bango. Matakin farko, canza salon launin kamara daga mai ƙarfi zuwa mai laushi, wanda aka fi rubuta wa Neutral. Sannan a sashen launuka ɗai-ɗai rage kaurin ja da na ruwan lemo da 5 zuwa 15, ka ɗan rage haskensu da 5 zuwa 10. Za ka ga gashin yana dawowa. Rawayan kabare ma haka yake yi da tsakar rana. A JPEG, idan ya riga ya tumbatsa, abin da ya tafi ya tafi.

Zalaidu kuwa baƙi da fari ne a jiki guda, kowane gefe yana neman nasa. Ceci farin tukuna, sannan ka ɗaga baƙin kaɗan har ka fara ganin layin fuka-fuki, ka tsaya. Baƙin da aka ɗaga fiye da kima toka yake komawa, da ɗigo-ɗigon kore da ja a ciki.

Tsuntsu a kan wayar lantarki ko busasshen reshe, farin sama a bayansa, kusan kullum da duhu yake fitowa, saboda kamara ta auna hasken saman. Ɗaga hasken da mataki ɗaya ko ɗaya da rabi, ka ƙyale saman ya yi fari abinsa. A irin wannan hoton ne ake ganin siririn layi shunayya ko kore a gefen reshe da bakin tsuntsu, wanda gilashin kamara ke haifarwa. A sashen gyaran gilashi akwai akwatin da ake dannawa ya cire shi. Idan ka ƙara da ma'aunin hannu, ka sa ido a kan tsuntsu mai shunayya a jikinsa, don manhajar ba ta bambanta aibi da ado.

Raba tsuntsu da bayansa

Wannan shi ne matakin da ya fi canza hoto, domin abin da tsuntsun ke so kishiyar abin da bayansa ke so ne. Gashi yana son kaifi. Baya yana son laushi. Wanda ya yi musu magani ɗaya, ko dai ya sami tsuntsu mai kaifi a kan baya mai tsaki-tsaki, ko baya sumul da tsuntsu kamar na roba irin na wasan yara.

Tun 2021 Lightroom tana iya killace abin da aka ɗauka da dannawa ɗaya, kuma za ka iya juya killacewar ta koma kan bayan. A waya wannan sashe na masu biya ne. A darktable ana iya zana shi da hannu. A Snapseed, bayan ka yi gyara, shiga jerin gyare-gyaren da ka yi ta alamar da ke sama, zaɓi gyaran, ka ɗauki burushi ka shafa inda kake so ya yi aiki kawai. Ko ta wace hanya, kunna launin da ke nuna inda aka killace ka bi gefe-gefe. Manhaja takan manta yatsu, da tsinin baki, da dogayen gashin jelar sha-kauci, takan kuma haɗa da ɗan filin da ke tsakanin ƙafafu.

Tsaki-tsaki iri biyu ne. Akwai na launi, ɗigo-ɗigon ja da kore cikin inuwa. Lightroom tana sa masa 25 da kanta a kan RAW, kuma yakan isa. Idan ISO, wato lambar da ake ɗagawa a kamara in haske ya yi ƙaranci, ya kai 3,200 zuwa sama, kana iya kai ma'aunin 35 ko 40. Idan ka wuce haka ƙananan tabo masu launi, irin jan kuncin asisi ko jan da ke gaban idon macen baiwar Allah, za su fara koɗewa suna malala. Akwai kuma na haske, mai kama da yashi. A jikin tsuntsu 10 zuwa 20 ya isa, a baya kuwa kai shi 40 zuwa 60 babu laifi. Ɗan yashin da ya rage a gashi ba ya damun kowa, kuma yakan ɓace idan an rage girman hoton. Snapseed ba ta da ma'aunin wannan aiki, amma idan ka ja Structure zuwa ƙasa da sifili ka shafa shi a baya kawai, yana lausasa shi.

A 2023 Lightroom ta ƙara mai share tsaki-tsaki da ƙirƙirarriyar basira, akwai kuma DxO PureRAW da manhajojin Topaz masu irin wannan aiki. Suna aiki sosai a kan RAW, kuma a farkon gyara ake yin su, kafin kaifi. A Lightroom lambar tana farawa daga 50. Ga ƙananan tsuntsaye 30 zuwa 40 ya fi barin gashi da kamanninsa. Tsohuwar kwamfuta takan ɗauki mintuna a kan hoto guda, don haka zaɓaɓɓu kawai za ka yi wa, kuma da caji a batir. Bayan ta gama, kwatanta da na asali a girman kashi 100, ka duba yatsu da kewayen ido, nan take yawan ƙirƙiro abin da babu.

Sai kaifi. Ma'aunai huɗu ne a jere. Yawa yana farawa daga 40, ka tsaya tsakanin 40 da 60. Faɗi yana farawa daga 1.0, amma gashin ƙaramin tsuntsu siriri ne, mayar da shi 0.7 ko 0.8. Na uku, mai fito da ƙananan zane, 25 zuwa 40. Na huɗu, Masking, shi aka fi mantawa kuma shi ya fi amfani: riƙe maɓallin Alt kana jansa, hoton zai koma baƙi da fari, inda ya yi fari nan kaifi zai shiga. Ja shi har bayan ya yi baƙi ƙirin, layukan tsuntsun kawai suka rage, galibi tsakanin 60 da 80. Alamar an wuce gona da iri ita ce farin zare da ke bin gefen baki da kai, da gashi da ya yi tsaitsaye kamar jiƙaƙƙe. Da ka ga haka, rage yawa. A cikin killacewar tsuntsun ƙara Texture 10 zuwa 20. Clarity kada ya wuce 10, yana sa laushin gashin ƙirji ya yi datti. JPEG ya riga ya sha kaifi a cikin kamara, 20 ya ishe shi. Hoton waya kuwa, musamman wanda aka jawo da yatsu biyu, wayar ta riga ta shafe shi ta kaifafa shi, ƙari ɓarna ce; haske da launi kawai za ka taɓa.

Idan za ka ƙara wa tsuntsun haske fiye da bayansa, kada ya wuce 0.3 zuwa 0.5 na mataki ɗaya, in ba haka ba zai yi kamar an yanko shi an manna. Haka batun dusashe baya da manhaja: reshen da ƙafafunsa ke riƙe da shi nisansu ɗaya da kamara, idan ƙafa ta yi kaifi reshen ya dusashe, duk mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko bai san mene ne ba.

Ido yana son ƙaramin burushi, haske 0.3, inuwa 15 zuwa 20, shi ke nan. Idon kabare ja ne, idan ka ɗan ɗaga shi zai fito cikin baƙin kansa. Kada ka zana ɗigon haske da hannu inda babu.

Launi, da inda ya kamata hannu ya tsaya

Ma'aunin kaurin launi biyu ne. Saturation yana tura kowane launi gaba ɗaya, har wanda ya riga ya turu, shi ya sa yake ƙona ja da rawaya. Vibrance ya fi tausayi, yana fara da launukan da suka koɗe. Ƙara na biyun 5 zuwa 15, ka bar na farkon a sifili. Ganyen damina yakan yi kore mai kashe ido. Rage kaurinsa da 10 zuwa 20 a cikin killacewar baya, don kada ka taɓa tsuntsu mai kore.

Sha-kauci yana da nasa hali. Ƙyallin koren jikinsa daga tsarin gashin yake fitowa, yadda haske ya faɗa masa, shi ya sa a hoto ɗaya yake walƙiya, a na gaba da ya juya kai ya zama baƙi. Idan ya fito baƙi, ɗaga inuwa ba zai kawo koren ba, tsaki-tsaki kawai zai kawo. Koma cikin jerin ka nemi wanda hasken ya kama.

Ma'aunin da ke sauya ainihin launi, ya mai da ja ruwan lemo ko shuɗi ya koma shunayya, shi ne mafi haɗari ga hoton tsuntsu. Akwai koren tsuntsun nan mai cin ƙudan zuma, mai jan maƙogwaro, da ke haƙa ramukan sheƙa a gaɓar rafi da bangon kwazazzabo da rani. A nan Zariya Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, ya yi dogon bincike a kansa. A cikin irinsa akan samu ɗaiɗaiku masu rawayan maƙogwaro maimakon ja. Wanda ya ɗauki irin wannan ya “gyara” shi ya koma ja, ya shafe abu mai daraja da hannunsa. Wanda kuma ya ja ma'auni har ja ya koma rawaya, ya kawo rahoton ƙarya. Haka dangin baiwar Allah: akwai iri-iri masu kama da juna, da launin baki da na baya ake raba su, har akwai wadda sai a 1998 aka bayyana ta ga masana daga duwatsun Jos.

Goge-goge

Da hunturu ƙura tana shiga kamara duk lokacin da aka cire gilashi, ta zauna a kan sensa, ta fito a matsayin baƙaƙen tabo masu laushi a sama, a wuri ɗaya a kowane hoto. Goge su da kayan share tabo, halal ne, ba sa cikin abin da ka gani. Ɗan guntun leda a ƙasa ko tsinken da ya leƙo daga kusurwa, a hoton ado ana iya cirewa. Reshen da ya gitta jikin tsuntsu kuwa ka bar shi, domin abin da manhaja za ta cike gurbin da shi gashin ƙage ne. Masu ƙara girman hoto da ƙirƙirarriyar basira ma haka: tsuntsun fiksel 300 idan an ninka shi huɗu, zanen da ya bayyana zato ne.

Idan hoton zai tafi shafukan tattara bayanan tsuntsaye da sauran halittu irin su eBird, ko iNaturalist, ko aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar APLORI ta Jos ke jagoranta, a matsayin shaida ake karɓarsa. Datsewa, haske, daidaita launi da ɗan kaifi sun isa. Kada ka canza sama, kada ka haɗa hotuna biyu, kuma ka tabbata kwanan wata da agogon kamararka daidai suke.

Fitarwa

Fitar da JPEG a tsarin launi na sRGB. Idan ka bar shi a wani tsari mai faɗi, a wasu wayoyin zai fito a koɗe. Inganci 80 zuwa 85 ya isa, ido ba ya ganin bambancinsa da 100, data kuma tana ganewa. Ga Facebook mayar da dogon gefe fiksel 2,048, ga Instagram faɗi 1,080, a tsaye 1,080 da 1,350. Idan abin da ya rage bayan datsewa bai kai haka ba, bar shi a girmansa. Zaɓi kaifin fitarwa na fuska, mafi ƙanƙanta ko matsakaici. A WhatsApp tura shi a matsayin takarda, domin ta hanyar hoto manhajar tana matse shi, gashin da ka sha wahala a kansa ya narke.

Ga wanki a takarda ana lissafin fiksel 300 a kowane inci: inci 4 da 6 yana son 1,200 da 1,800, inci 5 da 7 yana son 1,500 da 2,100, A4 kuma 2,480 da 3,508. Takarda ba ta da haske nata kamar waya, don haka yi kwafi daban ka ƙara masa haske 0.3. Ka gaya wa mai studiyo ya kashe gyaran da injinsa ke yi da kansa, ku fara gwada ƙarami ɗaya kafin babba.

Sa wa fayil suna mai kwanan wata da wuri da sunan tsuntsun, kamar 2024-08-17 Shika mulufi, don ka same shi bayan shekaru. Waya da wasu kamarori suna liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Idan hoton sheƙa ne mai ƙwai ko 'ya'ya, ko na kanari da masu tarko ke nema don keji, danna zaɓin cire bayanan wuri a lokacin fitarwa, a rubutun da za ka sa a ƙarƙashinsa kuma ka tsaya a sunan yanki kamar Samaru ko Kufena, kada ka kwatanta bishiyar.